Me ake nufi da gashi bayan shanyewar ɓarin jiki?

Idan aka sallami wanda ɓarin jikinsa ya shanye, likita kan ce wa 'yan uwa, "a riƙa kawo shi gashi." Da yawa sai su ɗauka tsumma ne da ruwan zafi irin na mai targaɗe. A sashen gashin ƙashi kuwa horo ake nufi: a sake koya wa mutum juyi a kan gado, da zama, da miƙewa, da taku, da kai loma baki.

Ciwon ba a hannu ko ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya, wanda shi ya fi yawa, ko jijiyar ta fashe jini ya zuba. Idan a hagun ƙwaƙwalwa abin ya faru, dama ce ke shanyewa, sau da yawa har harshe ya karye. Wurin da ya mutu ba ya farfaɗowa, amma sassan da ke kusa da shi kan ɗauki aikin in an yi ta maimaita musu. Shi ya sa mai gashi zai zuba wake a faranti ya ce dattijo ya tsince shi ɗai-ɗai zuwa kofi da hannun da ya shanye, yau da gobe, yana gumi yana tsaki.

Sauƙin ya fi saurin zuwa a watanni 3 na farko, ya ci gaba a hankali zuwa wata 6 da bayansa. Waɗannan watannin ne kuma aka fi ɓatawa ana yawon neman magani, wai iska ce ta buge shi. Tausayi ma yana cutarwa. In uwargida ce ke ba shi abinci a baki, yara na sa masa riga, hannun ba shi da dalilin koyon komai.

Kada a ja shi ta hannun da ya shanye wajen ɗagawa, kafaɗar na iya gocewa. Ruwan zafi kan ƙona fatar da ba ta ji sosai ba tare da ya sani ba. Wanda ba ya iya juyi a riƙa juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. In yana ƙwarewa da ruwa ko kunu a faɗa wa likita, don abin da ya bi ta hanyar numfashi na jawo ciwon huhu.

Sai dai gashi ba ya hana ciwon dawowa. Babban mai jawo shi hawan jini ne, kuma maganinsa ba a ajiye shi don an ji garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen miya na cikin lissafi. A lura da sukari, a bar sigari. Asfirin kuma ba na kowa ba ne: yana taimakon wanda jijiyarsa ta toshe, yana iya ƙara wa mai zubar jini matsala, sai hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance su.

In baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da na minti 10 ne ya wuce, a tafi asibiti nan take.