Horar da ƙwaƙwalwa ta saba da ƙarar kunne

Ƙarar kunne, wadda likitoci ke kira tinaitus, ita ce mutum ya riƙa jin fito ko shuuu ko kukan gyare alhali babu abin da ke ƙara a waje. Idan ta haura wata 6 ana ɗaukarta ta zama daɗaɗɗiya. Yawanci tana biyo bayan lalacewar ji: tsufa, injin niƙa, janareta, bugun ƙarfe irin na maƙeran Panteka, ko magunguna kamar kwinin da allurar gentamicin.

TRT (Tinnitus Retraining Therapy), wato horar da ƙwaƙwalwa ta saba da ƙarar kunne, hanya ce da masanin ƙwaƙwalwa Pawel Jastreboff ya kafa harsashinta a 1990, suka bunƙasa ta tare da likitan kunne Jonathan Hazell na Landan. Ba ta kashe ƙarar. Abin da take nema shi ne sabo. Mai shago a bakin Ahmadu Bello Way ba ya lura da motoci sai an tuna masa, amma ƙarar da ƙwaƙwalwa ta ɗauka haɗari ce, sai ta kasa kunne gare ta dare da rana, tsoro ya ƙara mata ƙarfi.

Ana farawa da gwajin ji da duba dattin kunne, irin wanda ake yi a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Sai zaman bayani, inda ake nuna wa majinyaci yadda ƙarar ke tasowa har fargabarsa ta kwanta. Sannan sauti: 'yar na'ura a bayan kunne mai fitar da shuuu a hankali, awa 6 zuwa 8 kullum. Mai raunin ji ana ba shi na'urar ƙara ji.

A nan aka fi kuskure. Ana saita sautin daidai inda ya fara cakuɗuwa da ƙarar, ba ya rufe ta ba, don ba a sabawa da abin da ba a ji. Haka toshe kunne da auduga ko zama a ɗaki tsit, duk ƙara fito da ita suke. Da dare a bar fanka, ko rediyo tsakanin tasha da tasha.

Aikin na ɗaukar wata 12 zuwa 24, shi ya sa masu gaggawa ke yankewa a hanya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019 ya nuna TRT ba ta zarce kulawa da shawara ta yau da kullum da wani abin kirki ba.

Ƙarar da ke bugawa tare da zuciya, ko ta kunne ɗaya, ko mai zuwa da jiri ko kurumta farat ɗaya, a kai ta wurin likitan kunne ba tare da jinkiri ba.