Mene ne BNP? Homon ɗin da zuciya ke aika wa jijiyoyin huhu idan ta gaza

Idan mutum ya je asibiti yana haki, ƙafafunsa sun kumbura, likita kan rubuta masa gwajin jini da ake kira BNP ko NT-proBNP. Masu jinya su biya kuɗi mai tsoka, su karɓo takarda ɗauke da lamba, sau da yawa ba tare da kowa ya zaunar da su ya ce ga abin da aka auna ba. Abin da aka auna homon ne, wato sinadarin da ke kai saƙo ta cikin jini, wanda ita kanta zuciya ke fitarwa idan nauyi ya yi mata yawa, kuma jijiyoyin jini na huhu suna cikin waɗanda take aika wa wannan saƙo.

Da can masana sun ɗauki zuciya a matsayin famfo kawai. A 1981 ne Adolfo de Bold, haifaffen Ajantina da ke aiki a Kanada, shi da abokan aikinsa suka niƙa tsokar ɗakunan sama na zuciyar ɓera, suka tace ruwan, suka yi wa wasu ɓerayen allurarsa. Nan take fitsari ya ɓalle musu, gishiri mai yawa ya fita a cikinsa, matsin jininsu ya sauka. Sinadarin da ya yi wannan aiki shi aka raɗa wa suna ANP. A 1988 masu bincike a Japan suka gano ɗan'uwansa a ƙwaƙwalwar alade suka kira shi BNP, daga baya aka fahimci cewa a jikin ɗan'adam mafi yawansa daga manyan ɗakunan ƙasa na zuciya yake fitowa. Abu ɗaya ke tayar da su biyun: bangon zuciya ya miƙe fiye da ƙima saboda jini ya cika ta.

To me ya haɗa wannan da huhu? Ɓangaren dama na zuciya yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, daga nan jinin ya gangaro ɓangaren hagu, shi kuma ya harba shi zuwa sauran jiki. Duk jinin da ke jikin mutum sai ya ratsa huhu, amma cikin sauƙi yake ratsawa, domin jijiyoyin wurin masu laushi ne, bangonsu siriri. Matsakaicin matsin jini a babbar jijiyar huhu ta mai lafiya bai fi 14 ba a ma'aunin da ake awon hawan jini da shi, kuma tun 2022 ƙa'idar likitocin Turai ta ce idan ya haura 20 an shiga hawan jinin huhu.

Idan ɓangaren hagu ya yi rauni, ko ya ƙage ya kasa buɗewa ya karɓi jini, sai jinin ya taru a bayansa, kamar yadda ruwa ke komawa unguwa idan kwalbati ya toshe da damina. Bayan nan kuwa huhu ne. Matsi ya hau a ƙananan jijiyoyi, ruwa ya fara tsattsafowa cikin jakunkunan iska. Shi ya sa mai gazawar zuciya ba ya iya kwanciya shimfiɗe. Za ka ga ya jera matashi uku yana barci a jingine, ko ya farka tsakar dare a firgice ya nufi taga yana neman iska, yana tari busasshe. Idan abin ya yi tsanani, majinar ta fito da kumfa, wani lokaci da ɗan ja-ja. Mutane da yawa kan ɗauka fuka ce, a yi ta sayen abin shaƙa a kemis alhali matsalar tana zuciya.

A nan ANP da BNP ke shigowa. A jikin tsokar da ta kewaye jijiyoyin huhu akwai makarɓa da ake kira NPR-A. Da zarar homon ya sauka a kanta, sai ƙwayar halittar ta samar da wani sinadari mai suna cGMP, wanda ke sa tsokar ta saki, jijiyar ta buɗe, matsi ya ragu. Suna kuma rage matsewar da jijiyoyin huhu ke yi idan iska ta yi ƙaranci, suna hana bangon jijiyar yin kauri. A lokaci guda suna umartar ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, suna taka wa renin da aldosteron burki, wato sinadaran da ke sa jiki ya riƙe gishiri. Duka dai manufa ɗaya ce, a rage wa zuciya kaya ta gaba da ta baya.

Abin da ya fi damuna a wannan ciwo shi ne, lokacin da homon ya fi yawa a jini shi ne lokacin da ya fi kasa aiki. Dalilan suna da yawa. Zuciya tana fara ƙera BNP ne a matsayin dogon sinadari mai gaɓa 108, sannan a yanka shi gida biyu: mai gaɓa 32 wanda ke aiki, da mai gaɓa 76 wanda ba ya aikin komai, shi ne NT-proBNP. A zuciyar da ta galabaita, mai yawa yana fita ba a yanka shi ba, na'urar gwaji tana ƙirga shi amma ƙarfinsa kaɗan ne. Makarɓar ma idan aka dame ta dare da rana sai ta dushe. Ga kuma masu lalata shi: wani inzayim, wato sinadarin da ke sarrafa wasu sinadarai a jiki, mai suna nefrilaisin yana daddatsa homon, wata makarɓa ta daban tana kwashe shi daga jini, kuma huhu yana da su duka biyun da yawa. Ko an samar da cGMP, akwai inzayim PDE5 da ke rushe shi a cikin jijiyoyin huhu. A ɗaya gefen kuwa sinadaran matse jijiya, irin su endotelin da anjiyotensin, suna ƙaruwa. Idan aka ɗauki watanni ko shekaru a haka, jijiyoyin huhu su yi kauri su ƙanƙance, ɓangaren dama na zuciya da ba a halicce shi don tura jini da ƙarfi ba shi ma ya gaji. Daga nan ne jijiyar wuya ke tasowa, hanta ta kumbura, ciki ya tara ruwa, ka danna ƙaurin mutum da babban yatsa ramin ya daɗe bai cike ba.

Masana sun gwada ƙara wa jiki homon ta ƙarin ruwa. Amurka ta amince da nesiritide, wato BNP da aka haɗa a masana'antar magani, a 2001, kuma lallai yana sauke matsin jini a huhu. Amma babban gwajin da aka buga a 2011, mai mutum sama da 7,000, ya nuna bai rage mutuwa ko komawa asibiti ba. Dabarar da ta yi nasara ita ce hana lalata wanda jiki ya riga ya samar. Maganin sacubitril yana toshe nefrilaisin, aka haɗa shi da maganin hawan jini valsartan a ƙwaya ɗaya mai suna Entresto. A gwajin 2014 da ya ƙunshi mutum sama da 8,000 masu raunin bugun zuciya, ya rage mutuwa ta dalilin zuciya ko kwanciya asibiti da kusan kashi 20 cikin ɗari idan aka kwatanta da enalapril, maganin da aka saba bayarwa. Tsadarsa ce ke hana talaka, kuma wannan abin takaici ne. Shi kuwa sildenafil, mai toshe PDE5, yana da amfani a wani nau'in hawan jinin huhu na daban, amma ba a ba da shawararsa ga wanda nasa daga ɓangaren hagu na zuciya ya samo asali. Buɗe jijiyar da ke kai jini alhali mafita a cushe take na iya ƙara wa huhu ruwa.

Wajen karanta sakamako, gwajin ya fi ƙarfi wurin kore zato. Ga wanda ya zo da ƙafarsa, BNP ƙasa da 35 ko NT-proBNP ƙasa da 125 na nuna da wuya gazawar zuciya ce. Ga wanda aka kawo cikin gaggawa, iyakar 100 ce da 300. Tsufa, ciwon ƙoda da rikicewar bugun zuciya suna ɗaga lambar, ƙiba kuma tana sauke ta, don haka likita zai haɗa da hoton zuciya kafin ya yanke hukunci.

Maganar ta shafe mu kai tsaye ta wajen masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, cikinsu har da Davidson da Parry, suka bayyana yawan gazawar zuciya bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya bai sami waɗannan al'adu a matsayin musabbabi ba, ya fi nuna rama, talauci da hawan jinin masu ciki. Duk da haka kanwa cike take da sodiyam, sinadarin gishirin da ANP da BNP ke faman fitarwa, kuma macen da zuciyarta ta riga ta raunana ba ta da halin ɗaukarsa. Mai jegon da ke haki idan ta kwanta, ko tari ya hana ta barci, ko kumburin ƙafa ya ƙi sauka bayan haihuwa, a dakatar da kanwar a kai ta asibiti a ranar, kada a jira arba'in.