Kaduna a 2007: tambayoyin da ake yawan yi mini kan shekarar da aka rufe masaƙu

A Makera na girma, cikin ƙarar injin saƙa da warin rini. Shi ya sa duk wanda ke da tambaya kan masaƙun Kaduna sai a turo shi wurina, daga ɗalibai masu rubutun kammala karatu har zuwa marayun tsofaffin ma'aikata. Tambayoyin ba sa canzawa, ni kuma bakina ya gaji da maimaici. Ga amsoshin nan a rubuce. Wanda ya zo da ɗaya daga cikinsu, ya karanta tukuna kafin ya neme ni.

Me ya faru a Kaduna a 2007 da har ake ware shekarar?

A watan Oktoba, watan da aka yi ƙaramar Sallah a cikinsa, kamfanin masaƙa na United Nigerian Textiles (UNTL) da ke Kakuri ya tsayar da injinansa, ma'aikata kimanin 4,000 suka koma gida. Ita ce babbar masaƙa ta ƙarshe da ta rage tana numfashi a garin.

Ita ce masaƙar da Sardauna ya kafa?

A'a. Wannan Kaduna Textiles (KTL) ce, kuma ku daina gauraya su. KTL ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Lankasha a Ingila, akoko ta fara saƙawa. An rufe ta a 2002. UNTL kuwa a 1964 aka kafa ta, da jarin 'yan kasuwar Hong Kong na gidan Cha, atamfa ce sana'arta. Akwai kuma Arewa Textiles mai jarin Japanawa, da Nortex, da Finetex, duk sun riga UNTL durƙushewa. Ku lissafa da kanku: daga 1957 zuwa 2007 shekara 50 cif. A shekarar da ya kamata a yi bikin cikar masaƙar farko rabin ƙarni, a ita aka kulle ƙofar ta ƙarshe.

Ba rikicin addini na 2000 da na 2002 ne suka kori kamfanonin ba?

Ba su ba ne. Rikice-rikicen sun ci rayuka, sun raba garin gida biyu, wasu suka tsallake kogi zuwa kudu, wasu suka yo arewa. Amma bayan kowannensu ma'aikata sun koma bakin inji. Abin da na gani da idona shi ne Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe suna shiga ƙofa ɗaya da ƙarar jiniya ɗaya, ƙungiyarsu ɗaya. Masaƙun Kano da na Legas ma sun mutu a tsakanin shekarun nan, su wane rikicin Kaduna ne ya kashe su?

To mene ne ya kashe su?

Wuta, baƙin mai, da fasa-ƙwauri, sai auduga ta cike na huɗu.

Masaƙa ba shagon tela ba ce. Ana kaɗi, ana saƙa, ana wanki da rini da buga zane, dare da rana ba tsayawa. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar buga atamfa, yadin da ke kan inji ya lalace. Sauya wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005 bai ƙara wutar ko kaɗan ba, dole kowace masaƙa ta dogara da janaretanta. Tukunyar tururin da ake rini da busarwa da ita kuma baƙin mai take sha, daga matatar Kaduna ake samo shi. To a farkon 2006 aka fasa bututun da ke kawo ɗanyen mai a yankin Neja Delta, matatar ta zauna ba aiki har 2007 ta fita. Baƙin mai ya yi wuya, ya yi tsada, sai an yi dakonsa daga kudu.

A gefe guda kuma ga atamfar China. Tun 1 ga Janairu 2005 aka kawo ƙarshen yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin yadi a duniya, kayan China suka malalo ko'ina. Gwamnatin Obasanjo ta hana shigo da atamfa tun 2002, amma hanin a takarda ya tsaya. Kaya na sauka a Kwatano, su bi ta Nijar har Maraɗi, su shigo ta iyakar Katsina, su wayi gari a Kantin Kwari. Da yawa ma kwaikwayon zanen masaƙunmu ne, har da tambarin da ke bakin zane. Wanda ya biya kuɗin dizal da baƙin mai da haraji da albashi, ta yaya zai yi gogayya da wanda bai biya ko ɗaya ba?

Ita kuwa auduga, tun da aka rushe hukumar cinikinta a 1986 manomin Funtuwa da Malumfashi da Gusau ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi. Iri ya gauraye, inganci ya faɗi, da yawa suka koma masara da waken suya.

Ashe laifin matan da ke sayen atamfa mai araha ne?

Kai, ku ji tsoron Allah. Matar da ke da 'ya'ya biyar ga Sallah ta matso, za ka ce ta sayi turmi mai tsada don kishin ƙasa? Ba ita ke tsaron iyaka ba. 'Yata, ba ki kashe masaƙa ba, kwantar da hankalinki.

Gwamnati ba ta yi komai ba ke nan?

Ta yi alkawari. Gab da saukar Obasanjo an sanar da asusun naira biliyan 70 don farfaɗo da masaƙu, amma har UNTL ta rufe kuɗin bai iso Kakuri ba. Shekara ce ta zaɓe da miƙa mulki: 'Yar'aduwa ya hau ranar 29 ga Mayu, Namadi Sambo ya gaji Ahmed Maƙarfi a gidan gwamnatin Kaduna. A watan Mayun aka sayar da matatar Kaduna da ta Fatakwal ga rukunin 'yan kasuwa na Bluestar, a watan Yuni ƙungiyar ƙwadago ta yi yajin aikin gama-gari kan ƙarin kuɗin fetur da harajin kaya da wannan ciniki, a watan Yuli cinikin ya warware. Hankalin kowa na can, Kakuri na mutuwa a hankali.

Mahaifinmu ya yi shekaru a wata masaƙa, aka rufe ba a sallame shi ba, yanzu ya rasu. Za mu iya neman haƙƙinsa?

Allah ya jiƙansa da rahama. Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan, kuma ba zan ba ku amsar eh ko a'a ba, don ya danganta da abubuwa da dama.

Na farko, ku gane cewa abin da kuke kira haƙƙi ba abu ɗaya ba ne. Akwai bashin albashi da kuɗin sallama da giratuti, waɗannan suna wuyan kamfanin. Akwai kuma kuɗin da aka riƙa cirewa daga albashinsa ana ajiyewa a asusun ma'aikata na ƙasa, wannan ba a hannun kamfanin yake ba, in dai an tura shi yadda doka ta ce. Mutane da yawa suna shekara da shekaru suna zarya a ƙofar masaƙar da ciyawa ta cinye, sun manta da kashi na biyu, alhali sau da yawa shi ya fi sauƙin samu.

Ga yadda kashi na biyun yake. Tsofaffin ma'aikata sun fara zubi a asusun da aka kafa a 1961, daga baya ya koma asusun inshorar ma'aikata, wato NSITF. Da aka yi dokar fansho ta 2004, sai aka miƙa waɗannan kuɗaɗe ga kamfanin fansho na Trustfund. Idan mahaifinku ya bar aiki kafin dokar, can za ku fara tambaya, da lambar rajistarsa in kun same ta. Idan kuma ya kai 2005 zuwa 2007 yana aiki, mai yiwuwa ya buɗe asusun fansho na kansa a ɗaya daga cikin kamfanonin fansho, sai ku binciko wanne ne. Na ce mai yiwuwa, don masaƙar da ke fama da biyan albashi ba lallai ta riƙa tura kuɗin kowane wata ba. Kuna iya tarar da kuɗi, kuna iya tarar da kaɗan, kuna iya tarar da asusu babu komai. Hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ce ke sa ido kan kamfanonin, wurinta ake kai ƙorafi in an ƙi saurarenku.

Kashi na farko shi ne mai wuya. Ya danganta da wace masaƙa ce da halin da take ciki a shari'a. Wata ta biya ma'aikatanta lokacin rufewa. Wata banki ya naɗa mata mai kula da kadarori saboda bashi, to a nan akwai layin masu bin bashi, kuma matsayin ma'aikaci a layin lauya ne zai fayyace muku shi bayan ya ga takardun. Wata kuma, kamar KTL, mallakar jihohin Arewa 19 ce, maganarta ta fi kama da siyasa fiye da shari'a. Kada ku tafi ku kaɗai. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa a Kaduna hedikwatarta take, can za ku fara, ku tambaya ko sunan mahaifinku na cikin jerin waɗanda aka lissafa wa kuɗi, da ko akwai wata yarjejeniya ko hukunci da aka riga aka samu a madadin ma'aikatan masaƙarsa. In akwai, shiga cikinsa ya fi buɗe sabuwar ƙara. In za a je kotu, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, amma ku sani doka na da wa'adin shigar da ƙara, kuma shekaru sun ja. Ko wa'adin ya wuce ko bai wuce ba, ya danganta da irin takardun da kamfanin ya sa wa hannu yana amsa bashin, da kuma yaushe. Wannan ma lauya za ku tambaya, ba maƙwabci ba. Wanda ba shi da hali ya gwada ofishin ba da agajin shari'a na gwamnati.

Ko wanne za ku bi, babu mai ba ku ko kwabo sai da shaida. Ku tattara takardar ɗaukar aiki, katin shaida, takardun albashi ko da guda biyu ne, takardar sallama in an ba shi, katin ƙungiya, da takardar shaidar rasuwa. Sannan takardar kotu da ke nuna wanda magada suka wakilta. Kafin ku kashe kuɗi a kanta, ku tambayi wurin da za ku kai ta irin wacce suke karɓa, don wani wurin yana karɓar ta kotun Musulunci, wani sai ta babbar kotun jiha. Kada ku bar asalin takarda a hannun kowa, kwafi ake bayarwa. Kuma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sa sunan mahaifinku a jerin waɗanda za a biya, ku guje shi, an cuci zawarawa da yawa ta wannan hanya. Idan Allah ya sa kuɗin ya fito, gado ne, na magada duka ne har da mata da ƙanana, ba na wanda ya yi zirga-zirga shi kaɗai ba. A cire masa abin da ya kashe, a raba saura bisa ƙa'ida.

Ba na yi muku alkawarin za ku samu. Na san gidajen da suka samu wani abu, na san waɗanda har yau suna jira. Amma zuwa tambaya bai fi kuɗin mota ba.

Mun ƙone takardun Baba da muka tashi daga gidan haya. Shi ke nan?

Wannan ganganci ne, amma ba shi ke nan ba. Ku nemo abokan aikinsa da suka rage, su gaya muku sashen da ya yi aiki da shekarar da ya shiga, wataƙila har lambarsa. Da wannan ƙungiya ko kamfanin fansho za su iya dubawa. Ku hanzarta, tsofaffin nan kullum raguwa suke.

Mutum 4,000 ai ba su da yawa a gari kamar Kaduna.

Ɗana, ba ka zauna a Kakuri ba. Kowane ma'aikaci yana ciyar da gida, yana aika wa ƙauye. Bayansa akwai mai tuwo da mai shayi da ke jiran fitowar 'yan aikin dare, da mai gidan haya a Nasarawa da Tirkaniya, da direban da ke ɗauko dilar auduga daga injin gurza, da dillalin da ke kai atamfa Kano da Onica, da mai makarantar kuɗi da ke jiran ƙarshen wata. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana gyaran injin saƙa ya koma acaɓa yana da furfura. Yara sun bar makaranta. Aure ya mutu a gidaje da yawa. Ka ƙara da dubban da sauran masaƙu suka riga suka sallama tun 2002, sannan ka sake faɗin cewa ba su da yawa.

Gaskiya ne Oshiomhole a Kaduna ya fara?

Gaskiya ne. A Arewa Textiles ya yi aiki, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, daga 1999 zuwa farkon 2007.

Ai an sake buɗe UNTL daga baya?

An buɗe a Disambar 2010, da rancen Bankin Masana'antu daga asusun naira biliyan 100 na auduga da masaƙu, Namadi Sambo ne ya zo buɗewar yana mataimakin shugaban ƙasa. Kaso kaɗan na ma'aikatan aka mayar. Rance ya sayi kayan gyara da auduga, amma wutar ba ta gyaru ba, atamfar fasa-ƙwauri kuma ba ta daina shigowa Kantin Kwari ba, don haka aikin bai koma yadda yake kafin Oktoban 2007 ba.