Dokar Idon Raga a Tafkin Kainji: Ba Wanda Ya Hana Su

Duk lokacin da jami'an kula da kifi suka kama raga a bakin Tafkin Kainji, sai magana ta bazu daga Yawuri har New Bussa cewa gwamnati ta hana su, wato kamun kifi, ko ta haramta kamun warangi. Ba haka dokar ta ce ba.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992, wadda ta shafi masunta, masu jiragen inji da masu gina madatsun ruwa, ba ta rufe wa kowa ruwa ba. Abin da ta kafa shi ne girman idon raga: kada ya gaza milimita 76, wato kusan inci uku. Ana auna shi ne bayan an ja idon ya miƙe, daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. Nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin suna auna idon a buɗe, ko kuma da yatsu, alhali yatsun wannan ba na wancan ba ne.

Warangi kuwa an keɓe shi. Ƙaramin kifi ne ko ya girma, don haka doka ta yarda a kama shi da raga mai ido milimita 3 zuwa 5 wadda ake ɗagawa, ko ragar ja a tsakiyar ruwa da injin da bai wuce ƙarfin doki 25 ba. Matsalar tana ga dala, wato doguwar raga mai ƙananan ido da ake ja zuwa gaɓa. Idan aka ja ta a gefen ruwa mara zurfi, inda karfasa ke haƙa ramin ƙwai, inda 'ya'yan giwan ruwa da falia ke fakewa, sai ta kwashe su duka tun ba su kai girman haihuwa ba. Shekara biyu ko uku a haka, manyan kifi su yi ƙaranci a komar kowa. Dalilin da ya sa aka hana dala a Kainji ke nan.

Hukuncin ƙaramar raga tarar naira 500 ne ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. Wanda ya zuba guba irin su Gamalin, ko ya sa abin fashewa ko lantarki, tararsa naira 3,000 ce ko ɗaurin shekara biyu ko duka. Kada ƙanƙantar tarar ta yaudari kowa, ɗaurin yana nan, kuma kotu na iya ƙwace kayan aikin.

Gaskiya tarar mai guba ta yi kaɗan ƙwarai, ganin yana kashe kifin da gari guda zai ci, yana kuma ɓata ruwan sha. Sannan sashen dokar da ya shafi raga mai kamun kifi kaɗai ya ambata, wato masuncin da ya ci bashi ya sayi ragar, bai ambaci mai sayarwa ba, alhali irin wannan raga tana nan jibge a shaguna ana sayarwa a fili.