Bututun birkin a-kori-kura da yadda ake zaɓen ingantacce

Bututun birki shi ne hanyar da man birki ke bi daga babban famfon da ke gaban direba zuwa ƙafafun mota. Idan direba ya taka birki, famfon yana matsa man, man kuma ba ya matsuwa kamar iska, sai ya kai ƙarfin nan ga takalman da ke damƙe faifai ko gangar taya. Malcolm Loughead ne ya yi rajistar birkin mai a Amurka a 1917, kuma motar Duesenberg ta 1921 na cikin na farko da suka fito da shi a ƙafa huɗu. A taka birki da ƙarfi, matsin da ke cikin bututun yakan wuce bar 70, wato kusan ninki 70 na matsin iskar da ke kewaye da mu. Duk inda ya sami ƙofa, ko da kamar bakin allura ce, ta nan zai fita.

A jikin a-kori-kura irin su Toyota Hilux, Ford F-150 ko Chevrolet Silverado, bututun iri biyu ne. Akwai na ƙarfe mai tauri da ke bin ƙashin mota daga gaba har baya, sannan akwai gajeren tiyo mai lanƙwasuwa a duk inda taya ke motsi: ɗaya a kowace ƙafar gaba, ɗaya kuma tsakanin ƙashin mota da aksil na baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Idan ana maganar sa ingantacce, sau da yawa mutane kan cakuɗa biyun, alhali cutarsu ba ɗaya ba ce, maganinsu ma haka.

Bututun ƙarfe

Wanda kamfani ke sawa ana kiransa Bundy, daga sunan Harry Bundy na birnin Ditroit. Fallen ƙarfe ne da aka shafa wa tagulla, aka naɗe shi ninki biyu, aka gasa har ya haɗe. Faɗinsa a yawancin motoci milimita 4.75 ne, wasu manyan motocin kuma suna da na milimita 6.35 zuwa baya. Yana da ƙarfi da araha. Abokin gabarsa ɗaya ne, tsatsa.

A jihohin arewacin Amurka da Kanada ana zuba gishiri a titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana maƙalewa a ƙarƙashin mota yana cin bututun a hankali, musamman saman tankin mai da cikin maƙallai inda ido ba ya kaiwa. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta buɗe bincike a 2010 kan manyan motocin General Motors ƙirar 1999 zuwa 2003 saboda fashewar bututun birki. Ta rufe shi a 2015 ba tare da ta ce a mai da motocin kamfani ba, sai dai ta shawarci masu tsofaffin motoci a yankunan gishiri su riƙa wanke ƙarƙashinsu da duba bututun. Wannan ya shafi mai sayen tokumbo a Kano ko Maraɗi kai tsaye, domin motar da ta yi shekara goma a irin waɗannan jihohi takan iso da fenti mai ƙyalli a sama, tsatsa kuwa ta gama aikinta a ƙasa.

Madadin da ya fi karɓuwa shi ne haɗin tagulla da nikel, kusan kashi 90 tagulla, kashi 10 nikel. Kamfanin Volvo ya koma amfani da shi tun 1976. Gishiri ba ya cinsa, yana lanƙwasuwa da hannu, bakinsa kuma, wanda ake buɗawa don ya zauna a mahaɗi, yana buɗuwa cikin sauƙi. Taushin nan ne kuma rauninsa: dutse na iya lotsa shi, kuma yana son maƙallai kusa da kusa don kada ya riƙa girgiza. Akwai kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ya fi kowanne daɗewa amma yana wahalar da bakanike, domin taurinsa kan sa bakin ya ƙi zama daidai sai an ɗaure an sake ɗaurewa. Abin da bai kamata ya kusanci birki ba shi ne zallar tagulla irin ta firji da na'urar sanyaya ɗaki. Launinsu ya yi kama, shi ya sa ake yaudaruwa, amma zallar tagulla tana taurara da girgizar hanya har ta tsage.

Tiyo mai lanƙwasuwa

Tiyon kamfani roba ce mai saƙar zare a ciki. Sabonsa ba shi da laifi ko kaɗan, kuma ga motar da ke aikin gari shi ne zaɓin da ya fi dacewa. Tsufa ne ke lalata shi. Zafi da rana suna sa bayansa ya tsattsage, cikinsa kuma yakan kumbura ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya: mai ya shiga, ya kasa komawa, sai taya ɗaya ta riƙa ɗaukar zafi ko mota ta riƙa ja gefe. Da yawa sun canja kalifa, wato abin da ke matsa takalman birki a jikin faifai, a banza kafin a gano tiyo ne.

Ingantaccen da ake tallatawa yana da ciki na Teflon, sinadarin da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, an lulluɓe shi da saƙar siraran wayoyin ƙarfe mara tsatsa. Amfaninsa shi ne ba ya buɗewa sosai idan matsi ya ƙaru, don haka birki yakan yi tauri a ƙafa, direba ya ji daidai abin da yake takawa. Mai jan tirela ko mai gangaro dutse da kaya zai ji bambancin. Sai dai a faɗi gaskiya: ba ya rage nisan da mota ke yi kafin ta tsaya. Wannan aikin taya ne da takalman birki da nauyin kaya. Kuma rabin daɗin da mutane ke ji bayan sun sa shi ya fito ne daga sabon mai da iskar da aka fitar a lokacin aikin.

Yana da nasa aibin. Yashi kan shiga tsakanin wayoyin ya riƙa goge Teflon ɗin a ƙarƙashin saƙar, shi ya sa mai rigar roba a kan saƙar ya fi dacewa da hanyar ƙasa da ƙurar hunturu. Saƙar tsirara kuma zarto ce ga duk abin da ta goga. Sannan roba tana nuna tsufanta a fili, shi kuwa wannan yana iya yin kyau a ido har ranar da zai saki.

Inda canji ya zama dole shi ne motar da aka ɗaga. Idan an ƙara tsayin sifirin, aksil yana sauka ƙasa fiye da da, tiyon kamfani sai ya miƙe kamar tsirkiya duk lokacin da ƙafa ta faɗa rami. Ana auna tsawon da ake bukata ne mota na rataye, tayoyi sun sauka iyakarsu, an kuma juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Wanda ya yi tsawo da yawa shi ma haɗari ne, don taya za ta ci shi. A Hilux da ire-irenta masu bawul ɗin da ke daidaita birkin baya da nauyin kaya, sandar bawul ɗin ma sai an gyara mata zama, in ba haka ba birkin baya zai yi rauni.

Baki, zare da shaida

Kyan bututu ba ya amfani idan bakinsa bai dace ba. Motocin Japan galibi suna da noti mai zaren M10, wato mai kaurin milimita 10, da baki mai ninki biyu, na Turai suna da baki mai kumburi, tsofaffin na Amurka kuma zarensu na inci ne. Notin inci 3/8 yana shiga ramin M10 kamar ya zauna, alhali riƙon da ya yi kaɗan ne, matsi na iya fizge shi. A kasuwar kayan gyara irin ta Ƙofar Ruwa, zuwa da tsohon a hannu ya fi kowane kwatance. Baki mai ninki ɗaya da mahaɗin famfon ruwa mai zobe ba su da wuri a nan, zoben tagulla mai hana yoyo na kusar kalifa kuma sabo ake sawa kowane lokaci.

Tiyo na gari yana ɗauke da tambarin DOT ko SAE J1401, shaidar cika ƙa'idar ingancin Amurka, da ranar ƙira. A dokar Amurka mai lamba 106, sai ya jure matsin fam 4,000 a kan kowane murabba'in inci na minti biyu, ya kuma yi sa'a 35 ana kaɗa shi a inji bai yoyo ba. Bayan ɗaurawa ana zuba irin man da aka rubuta a murfin tulun man birki, DOT 3 ko DOT 4 a yawancin motoci. Sabon DOT 3 sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Celsius yake tafasa, DOT 4 kuma 230, amma duka biyun suna shan laima daga iska, mizanin ya faɗi zuwa 140 da 155. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su. Ana fitar da iska daga ƙafar da littafin motar ya ce a fara da ita, sannan a danne birki na kusan minti ɗaya mota na tsaye. Idan ƙafa ta fara nutsewa a hankali, akwai inda mai ke zurara, motar ba ta isa hawa titi ba tukuna.