Rabin awa a sati, yaron ne zai ja ragamar wasan

Iyaye, yaro ɗan shekara 4 ko 6 ba zai zo ya ce miki "Mama ina cikin damuwa" ba, bai da kalmomin. Abin da za ki gani shi ne ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko firgita cikin barci, ko ya riƙa cin zalin ƙannensa, ko ya yi tsit kamar ba shi ba, galibi bayan an yi rashi a gida ko aure ya mutu ko an yi masa ƙani. Mu kuma sai mu ce rashin ji ne.

Masana halayyar yara suna jinyar irin wannan da wasa, ga 'yan shekara 3 zuwa 12. Virginia Axline a Amurka ta fitar da tsarinta a 1947, daga baya a shekarun 1960 Bernard Guerney da matarsa Louise suka fara horar da iyaye su yi da kansu, don babu likitan da yaro zai sake da shi kamar uwarsa da ubansa.

Sau ɗaya a sati, minti 30, a kashe waya. Kaya kaɗan sun isa, 'yar tsana, mota, takarda da fensir mai kala. Shi zai zaɓa, ke ki bi shi, ba tambaya ba gyara ba koyar da lissafi, kuma wallahi nan ne wahalar take don bakinmu baya iya shiru. In ya cusa 'yar tsanar ƙarƙashin kujera, kar ki ce "me ya sa?" ki ce "tana jin tsoro, ta samu wurin ɓuya." Shi ke nan. Ya ji an gane shi ba tare da an titsiye shi ba, wata rana da kansa zai faɗa miki abin da 'yar tsanar take tsoro.

Amma fa akwai iyaka. In ya ɗaga hannu, ki ce "na ga ranka ya ɓaci, amma ni ba a dukana, ga filo." Iyaye maza, har da ku, ba aikin mata kaɗai ba ne.

In kuma wasan nasa yana kwaikwayon saduwar manya, ko yana ta maimaita abu ɗaya mai ban tsoro sati da sati, ko yana ji wa kansa rauni, wannan ya wuce na gida, a kai shi asibiti a nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kar a jira wai zai bari da kansa.