Tara Ƙananan Mutum-mutumin Tagulla

Tara ƙananan mutum-mutumin tagulla sha'awa ce da ta daɗe a Turai da Amurka. Mai ita yakan nemi ƙaramin kwafin wani ƙaton mutum-mutumi da ke tsaye a dandalin gari, ya ajiye a kan tebur ko kanta. Iri biyu ne, kuma masu tarawa ba sa haɗa su. Akwai samfurin da masassaƙi ke fara yi don ya nuna wa masu ba shi kwangila, akwai kuma wanda ake ƙanƙantawa daga babban bayan an gama shi, don sayarwa. Na farkon ba shi da yawa, galibi ma da yumɓu ko kakin zuma ake yin sa. Na biyun ne ya cika kasuwa.

Asali

Abin ya faro ne daga Italiya. Ɗaya daga cikin mafiya daɗewa shi ne ƙaramin kwafin da masassaƙi Filarete ya zuba na tsohon mutum-mutumin sarkin Rum Marcus Aurelius a kan doki. Rubutun da ke jikinsa ya nuna ya ba Piero de' Medici, attajiri mai faɗa a ji a birnin Florence, kyautarsa a 1465, yau kuwa yana birnin Dresden na Jamus. A zamanin, sai mai hannu da shuni ke iya mallakar irin wannan, don kowane ɗaya da hannu da ido ake kwaikwayonsa.

Na'urar Collas

Wanda ya sauya lamarin wani injiniya ne Bafaranshe, Achille Collas, da ya ƙera na'urar ƙanƙantawa a 1836. Fayafayai biyu ne masu juyawa tare. A kan ɗaya ake ɗora babban samfurin, a kan ɗayan curin filasta. Wani dogon hannu yana haɗa su: tsini ɗaya yana bin jikin babban, ɗayan yana kankare filastar daidai da shi, amma a ƙaramin awo. Daga nan sai a kai wa masu zubi, su zuba tagulla a mazubin yashi ko ta hanyar narkar da kakin zuma, dabarar da maƙeran Ife da na masarautar Benin suka shahara da ita.

A 1838 Collas ya haɗa jari da Ferdinand Barbedienne, wanda a da takardar adon bango yake sayarwa a Paris. Da ƙananan kwafin Venus de Milo, shahararren mutum-mutumin tsohuwar Girka, suka fara cin kasuwa. Kamfanin bai rufe ba sai 1954, kuma kayansa da yawa suna ɗauke da ɗan hatimi mai hoton kan Collas, wanda shi ne abin da masu tarawa ke fara lalubawa a gindin mutum-mutumi.

Fitattun misalai

Mutum-mutumin 'Yanci na New York, aikin Frédéric Auguste Bartholdi, ƙananansa sun riga shi shiga gidajen mutane. A 1885, da kuɗin gina dandamalinsa ya gaza, kwamitin Amurka mai tara kuɗin aikin ya riƙa sayar da mai inci 6 a dala ɗaya, mai inci 12 a dala biyar. Ba tagulla zalla ba ce, launinta kawai aka shafa musu. Shi kansa babban, da aka ƙaddamar ranar 28 ga Oktoba 1886, ba zubi ba ne, fallayen jan ƙarfe ne aka bubbuga aka harhaɗa.

Masassaƙin Amurka Augustus Saint-Gaudens kuwa da kansa ya kula da ƙanƙanta ayyukansa, irin su Diana, gunkiyar farauta ta Rumawa, da ta tsaya a ƙololuwar hasumiyar Madison Square Garden a New York, da The Puritan na garin Springfield. Yakan ɗan sauya wani abu a ƙananan, don abin da ya yi kyau daga nesa ba lallai ya yi kyau a kusa ba. Shi ya sa nasa suka fi na kwaikwayon na'ura zalla daraja.

Gane na gaske

A nan ne gizo ke saƙar. Abin da ke yanke farashi shi ne wace ma'aikata ce ta yi zubin, kuma yaushe: masassaƙin yana raye ya gani ya amince, ko bayan mutuwarsa? Dokar Faransa ta yau ba ta ɗaukar fiye da zubi 12 a matsayin na asali, amma a ƙarni na 19 babu wannan iyaka, sai dai iya abin da kasuwa ta ɗauke.

Masu jabu sukan ɗauki mazubi daga jikin tagullar da aka riga aka zuba. Awo ne ke tona musu asiri, domin tagulla tana ɗan tsukewa idan ta huce, sai sabon zubin ya fito ƙasa da na asali kaɗan, gashi da ninkin tufa su dusashe. Sa hannu ma ba hujja ba ne, tunda shi ma yana bin mazubin. A shekarun 1990 kotun Faransa ta ɗaure dillali Guy Hain kan jabun ayyukan shahararren masassaƙin Faransa Auguste Rodin da wasu masassaƙa. Akwai kuma na tutiya da ake rina wa launin tagulla. Sun fi sauƙin nauyi, kuma inda duk suka kuje, fari-fari ake gani maimakon ruwan zinariya.

Baƙi-baƙi ko kore-koren da ke jikin tagulla ba dauɗa ba ce, yawanci tun daga ma'aikata aka yi shi da wuta da sinadarai. Wanda ya sa mai goge ƙarfe ya dirje shi har ya yi ƙyalli, ya karya farashin kayansa a wurin gwanjo.